Ɗori Bisa Ƙarfe

Ranar da amalanken jaki ya kife da Saratu a hanyar gona, mijinta Labo ba ya gari. Yana can Bazaga, an ɗauke shi a moto, wato babur, don ya ɗora ƙafar wani ɗan kokawa. Abin da ya fara ɓata lamarin ke nan. Labo fa maɗori ne, ɗan maɗori, jikan maɗori. A Dogarawa da ƙauyukan kewayenta, duk wanda ƙashinsa ya ce ƙas, sunan Labo yake fara kira kafin ya kira na uwarsa. Shekara talatin yana ɗora ƙasusuwan mutane, har na awaki da jakai, sai ga shi ranar da na gidansa ya karye wayarsa ba caji.

Ƙanin Saratu, Habibu, jandarma ne a Ƙonni, shi aka samu. Ya zo ya tarar da yayarsa zaune cikin harawar wake, damtsenta na dama ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba. Bai tsaya neman shawarar kowa ba, ya sa ta mota sai asibiti. Kashegari lokotoro ya tsaga damtsen, ya jera ƙashin, ya shimfiɗa masa wani siririn ƙarfe, ya kama shi da kusoshi takwas, ya ɗinke. Ko da Labo ya iso, aikin gama ya gama.

Ya tsaya a bakin gadonta da ƙunshin karan ɗorinsa a hammata, don ko gida bai biya ya ajiye ba. Saratu ta ɗaga ido ta yi masa murmushi.

"Malam, diba ikon Allah," ta ce. "Ga yatsuna suna motsi."

Ya ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. A yi masa adalci, Labo yana son matarsa. Sai dai Habibu, da yake akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, bai iya riƙe bakinsa ba.

"Yaya Labo, sai haƙuri, mun yi maka ƙwacen aiki. Karan ga kai ma awaki su ci."

Masu jinya a ɗakin suka yi dariya. Labo ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora. Daga wannan ranar wani abu ya zauna masa a ƙirji, kuma ba sai an yi masa kwana-kwana ba, kishi ne.

Bayan kwana biyar aka sallamo Saratu, hannun rataye a wuya da ƙyalle. Wata ma'aikaciya, Madam Rahama, wadda aikinta koya wa masu karaya motsa gaɓoɓi, kine suke ce mata, ita ta ja mata kunne. Ta ce ƙarfen ya riƙe ƙashin, ba abin da zai goce. Abin tsoro ɗaya ne: idan aka bar hannun a zaune, kafaɗa da gwiwar hannu za su ƙage, kuma mace mai shekarun Saratu idan gaɓarta ta ƙage, dawo da ita aiki ne ja. Kada ta ɗauki nauyi, kada ta yi daka, amma kullum ta motsa shi, har ranar da tafin hannunta zai hau tsakiyar kanta. Ta rubuta mata randebu, wato ranar da za ta dawo a duba ta, bayan mako shida.

Saratu kuwa ta riƙe maganar nan gam. Da safe ta sunkuya ta saki hannun yana lilo. Da hantsi ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, ta lanƙwasa ta miƙe. Da aka cire zaren ɗinki, sai ta shiga tsayawa gaban bangon ɗaki tana tattaka yatsunta sama kaɗan-kaɗan, inda suka tsaya ta ja layi da gawayi. Layin yau ya fi na jiya tsawo, na gobe ya fi na yau. Labo yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi yana kallo ta wutsiyar ido. Shi a iliminsa, wanda ya gada a wurin ubansa, karaya ba ta son motsi. A ɗaure ta, a yi mata tofi, a bar ta kwana arba'in. Ga wata karaya a cikin gidansa tana lilo tun ba ta yi mako ba, kuma maimakon ta lalace sai gaba take yi. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Sai kuma matan unguwa. Wai sun zo dubiya, alhali hoton ƙashi suka zo gani, wanda a asibiti ake ce wa radiyo. Saratu ta fito da shi daga ƙarƙashin katifa ta ɗaga wa rana, su taru suna leƙe suna ƙirga kusoshi suna salati. "Lokotoro ya ce kaza." "Madam ta ce kaza." Daga safe zuwa la'asar abin da Labo ke ji ke nan. Shekara ashirin da biyu suna tare, ya ɗora mutane a gabanta ba iyaka, bai taɓa jin ta ce wa wata mace "Malam ya ce kaza" da irin wannan muryar ba. Tuwo ya fita ransa. Ta ajiye masa akushi, ya tsakuri loma biyu ya ture.

A waje ma ba sauƙi. Ɗan'azumi mahauci, wanda suke zama da shi a gindin bedi a bakin kasuwa, mutum ne da ba ya ganin gyambo ya ƙyale.

"Labo, ashe gaskiya ta, wanzami ba ya son jarfa? Mu ka ɗaure mu da kara awa darni, taka kuwa sai ƙarhen Nasara!"

"Ba ni gari anka yi," in ji Labo.

"To ai Allah ya taimake ta ke nan."

Wanda ya ƙarasa shi wani baƙo ne daga Alela. Ya yi sallama a ƙofar gida da hantsi, ya ce wansa ya faɗo daga kan rumbu, damtse ya karye. Labo ya miƙe da kuzarin da ya kwana biyu bai yi ba, ya shiga ya ɗauko kara da man shanu, har ya sa takalmi. Sai baƙon ya sosa ƙeya.

"A'a Malam, ba ɗori niz zo nema ba. An ce mini iyalinka anka yi ma aiki. Shi na nic ce in tambaya, wace asibiti ta?"

Labo ya faɗa masa sunan asibitin, don ba zai yi ƙarya a kan mai ciwo ba. Ya koma ciki ya zauna, karan yana hannunsa har azahar.

Kwana biyu bayan haka, sanyi ya fara shigowa, ya tarar da Saratu a gaban bango tana hawaye. Ta tura yatsun sun wuce layin jiya, kafaɗar ta soke ta. Ciwon da Madam Rahama ta ce za a ji ne, kuma Labo ya ji lokacin da Saratu ke maimaita wa mata haka. Amma mai neman kuka aka jefa da kashin awaki.

"Kin gani ko?" ya ce. "Tun yaushe nika kallonki ina shiru. Ƙarhe sanyi shika ja. Yanzu hunturu ya taho, sanyin ga zai bi kusoshin ga shi shiga ɓargo, ke kuma kina ta girgiza shi. Su sun ɗinke sun sallame ki, ni ka kwana da ke. Ki bari in ɗaure shi yadda ubana yak koya mini, shi huta kwana arba'in."

"Malam, Madam ta ce in an..."

"Madam! Madam! Ran da nih hwara ɗori an haihi Madam?"

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Saratu ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, daga fuskarsa har wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. Sannan ta share hawayenta da hannun hagu.

"To, Malam. Yadda kag gani."

Wallahi da ka ga Labo a ranar sai ka ce sallah aka yi. Ya zaɓo karan dawa masu kauri ya fere su daidai, ya shafa man shanu, ya yi tofi sau bakwai, ya jera karan kewaye da damtsen. Ya lanƙwasa gwiwar ya manna hannun a ƙirjinta, ya naɗe da sawaye, siraran ƙyallayen saƙi, har ba inda zai motsa. Ɗori ne mai kyau, ba a taɓa yin kamarsa ba a Dogarawa. Aibinsa ɗaya, ƙashin da aka yi wa ba ya bukatarsa.

Da yamma ya fita gindin bedi. Bai ce asibiti sun kasa ba, shi ba maƙaryaci ba ne. Cewa kawai ya yi, "Hannun ya dawo wurina," ya bar mutane su ƙarasa da kansu. Suka kuwa ƙarasa. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Malbaza cewa ƙarfen asibiti ya gagara sai da Labo ya sa hannu. Ɗan'azumi ya aiko masa da tsire. Tuwo ya dawo masa da daɗi, har yana neman ƙari.

Ranar randebu ta zo ta wuce. Habibu yana can an tura su aiki bakin iyaka, ya kira sau ɗaya, Saratu ta ce masa da sauƙi. Labo kuwa ya shiga hidima da ita kamar amarya. Shi ke jawo ruwa, shi ke kai hatsi inji, shi ke gyara mata matashi. Yana jin daɗin yadda take jiransa ya zo ya duba ɗaurin, yana jin daɗin da aka daina ambaton Madam a gidan. Wani lokaci idan ya taɓa yatsunta ya ji sun yi sanyi sun kumbura, sai wani abu ya ɗarsu a ransa, ya yi maza ya kore shi da cewa hunturu ne. Layukan gawayi na bango kuwa, da ya zo yaɓen ɗaki, ya bi ta kansu da laka.

A gidansu Labo akwai al'adar ranar kwance ɗori. Ana tara shaidu, a kwance, a miƙa wa mai karaya ƙoƙon ruwa ya ɗauka da hannun da ya karye, ya sha, ya zuba sauran a kansa. Daga nan an warke. Labo ya gayyato maƙwabta maza da mata, har da Ɗan'azumi, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya warware sawayen, ya zare karan ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya fito a rame, fatar tana saɓa, tabon ɗinkin ya kwanta lafiya lau. Ya sa mata ƙoƙon a tafi.

"Bisimilla, Saratu."

Ta yunƙura. Gwiwar ta ɗan motsa ta tsaya. Ta cije leɓe ta sake yunƙurawa, kafaɗar gaba ɗaya ta ɗago tare da wuyanta, amma damtsen yana manne da haƙarƙari. Ta sunkuyar da kai tana neman ƙoƙon da baki, bai kai ba. Ruwan ya zube mata a cinya.

Labo ya durƙusa ya kama damtsen. Yatsunsa sun san ƙashi fiye da yadda idonsa ya san hanyar gidansu. Ya bi shi daga kafaɗa zuwa gwiwa, a hankali, yana neman inda ya goce ko inda ya yi ƙullutu, yana ma roƙon Allah ya samu. Babu. Ƙashin ya haɗe sumul, miƙe sak, irin haɗuwar da shi kansa bai taɓa samu ba a karayar damtse. Ya taɓa kafaɗar, ya ji ta kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Nan take ya san aikin wa ya yi kyau, ya kuma san aikin wa ne wannan.

"Kai, ƙarhen ga ya cuce ta!" in ji Ɗan'azumi. "Da tun hwarko Labo anka bari, da yanzu tana daka."

"Wallahi kuwa," in ji wata tsohuwa. "Allah dai shi saka miki, Saratu."

Suka dinga faɗa, kowa na tofa albarkacin bakinsa, ana ba Labo haƙuri, ana cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da ya yi wata biyu yana so ya ji ke nan, ga shi ana zuba masa har ya ishe shi. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gyara zancen. Ya buɗe baki, ya dubi Ɗan'azumi, ya rufe. Ya tattara karansa ya shige ɗaki.

Kashegari da sassafe ya sa ta a motar Ƙonni. A asibiti aka sake ɗaukar hoto, lokotoro ya duba ya ce ƙashi ya warke, ya tura su wurin Madam Rahama. Ita kuwa da ta kama hannun ta gwada ɗagawa, sai ta saki ta riƙe ƙugu.

"Baba Saratu, mi nic ce miki? Ina randebu? Hannun ga an yi sati nawa ba a motsa shi ba?"

Labo yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Laihina na, ɗiyata," in ji Saratu. "Ciwo nij ji, tsoro yak kama ni, nib bari."

Madam Rahama ta dubi sawun kara da ke jere a fatar damtsen, ta dubi Labo. Ta ce sai an dage, kuma ba ta yi alkawarin zai dawo duka ba. Dogarawa da nisa, ba za su iya zuwa kullum ba, saboda haka ana son wani a gida mai ƙarfin hannu da zai riƙa motsa mata shi safe da yamma.

"Baba, kai za ka iya? Taho in gwada maka."

Haka Labo, ɗan maɗori jikan maɗori, ya tsaya yarinyar da a haife ya haife ta tana kama masa yatsu tana cewa nan za ka riƙe, a'a ba haka ba, sannu-sannu. Ko a lokacin, kada ka ce kishin ya mutu. Da ya ga yadda Saratu ke kallon bakin Madam tana gyaɗa kai, sai da ya ji abin ya motsa. Sai dai wannan karon ya haɗiye, ya koya.

Wata huɗu suka yi suna abu ɗaya. Safe da yamma ya ɗumama kafaɗar da tsumma da ruwan zafi, ya tallafi gwiwar, ya ɗaga har inda za ta ce wash, ya riƙe, ya sauke. Tana kuka yana gumi. Gwiwar ta saki, ta koma cin tuwo da hannun dama, ta koma tankaɗe da wanke-wanke. Kafaɗar ce ta yi gardama. Ta hau, ta hau, da yatsun suka kai kunne sai ta tsaya cak. Sati uku ba ƙari ko na ƙwayar gero. Da suka koma, Madam Rahama ta auna ta ce kada su daina, amma su sa a ransu mai yiwuwa iyakarsa ke nan. Daka da ɗaukar kaya a kai da hannu biyu, sai dai wata ta yi mata.

A gari kuwa sunan Labo bai taɓa tashi kamar bana ba. Har daga hayin iyaka ake kawo masa masu karaya, ana cewa shi ne wanda ya ceto hannun da asibiti ta lalata.

Wata safiya, bayan sun gama, bai saki hannun ba. Yana durƙushe a gabanta, ya kasa ɗaga ido.

"Saratu, ƙashin ga lahiya lau shike tun ran da anka yi aikin. Ba sanyi, ba komi. Ni na ɗaure shi don..." Ya ƙara riƙe hannun. "Baƙin ciki nika ji wani ya gyara ki ba ni ba. Ni nik kashe miki kahwaɗa."

Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ce a kira Habibu. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi.

"Na sani, Malam," ta ce.

Ya ɗago kai.

"Tun ran da kaɗ ɗauko karan na sani. Madam ta hwaɗa mini abin da za ya hwaru in anka ɗaure shi, ba ta ɓoye mini komi ba. Amma ina kallonka, ka bar cin tuwo, ka bar hita, riga tana zamewa daga kahwaɗarka. Nic ce to, hannu biyu gare ni, miji guda."

Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta miƙe, ta gyara zanenta da na hagu. Ta nufi inda kwandon gero yake a bakin rumbu, ta tsaya a kansa.

"Taho ka aza mini wanga, in kai inji tun rana ba ta yi ba."

Labo ya tashi ya ɗaga kwandon ya ɗora mata a kai. Ta tallafe shi da hannu ɗaya ta fita, na daman yana reto a gefenta.